Lissafin Tukunyar Ɗalibi

Maigida, tun da sunanka ya fito a Jami'ar Ahmadu Bello kowa ya yi maka tasa nasihar. Babanka ya yi ta karatu da tsare salla, mamarka ta yi ta zaɓen abokai, kawunnanka kuma suka ja ka gefe suka yi tasu da ba a so mu ji. Ni da maganar ciki na zo, domin na lura babu wanda ya taɓo ta, alhali ita ce za ta riƙa tare ka sau uku kullum. Tun da aka haife ka ba ka taɓa tambayar nawa ake sayar da kwanon shinkafa ba. Ka dawo daga makaranta ka buɗe kula, ka ci, ka ture, wani lokaci har da ƙorafin gishiri ya yi yawa. To, a Samaru, inda jami'ar take, babu kular da za ka buɗe sai wadda ka cika da hannunka ko da aljihunka.

A zamanin da marigayi kakanka yake ɗalibi a can, jami'a ce ke dafa wa ɗalibai. Tikitin abinci ake saye, a bi layi a babban ɗakin cin abinci safe da rana da dare, gwamnati tana cike kaso mai yawa na kuɗin. A 1978, lokacin mulkin Janar Obasanjo, aka ƙara sule biyar a kan kuɗin abincin yini, daga naira 1 da kobo 50 ya koma naira 2. Wannan sule biyar ɗin shi ya tayar da zanga-zangar nan da ake kira Ali Must Go, wadda ta ɗauki sunan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin. An rasa rayuka a Legas da Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta zare hannunta daga ciyarwar, cikin ɗalibi ya koma wuyan iyayensa, kuma har yau a nan yake.

Iyayen kuwa ka ga halin da suke ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kayan masarufi suka tashi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a waccan shekarar naira 70,000 ne, kuma akwai magidanta da yawa da ko shi ba sa gani. Duk abin da babanka zai turo maka, daga tukunyar ƙannenka aka rage shi. Shi ba zai faɗa maka ba, ya gaji kawaicin ubansa. Ni ce dai ba na jin nauyinka.

Ranar da kuɗi ya shigo, kafin ka sayi ko ruwan leda, ka zauna da biro da takarda. Mu ɗauka, don misali kawai, naira 60,000 aka turo maka na abincin wata. Ka fara cire 6,000 ka ajiye inda hannunka ba zai kai da sauri ba, na ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ka kasa girki, ko ranar da albashin babanka ya makara. Saura 54,000. Kada ka raba su gida huɗu. Wata ya ɗara mako huɗu da kwana biyu ko uku, kuma su ma waɗannan kwanakin ana jin yunwa a cikinsu. Ka ba kowane mako 12,000, sauran 6,000 su tsaya wa wutsiyar wata. In ka raba 12,000 gida bakwai za ka ga rabon yini ɗaya ɗan sama da 1,700 ne. Wannan adadin shi za ka riƙe a ka. Duk sanda ƙamshin tsire ya tsayar da kai a bakin titi, ka lissafa kuɗin kwana nawa kake shirin miƙawa. In ka lissafa kuma ka ga za ka iya, ka ci abinka da daɗin rai.

A da in kuɗi ya ragu lalita ce ke faɗa wa mutum, ta yi shafal a hannu. Ku kuwa naku a waya yake, danna biyu ya tafi, ba ka ji fitarsa ba. Saboda haka ka raba wa kuɗin abinci gida. Ka ciro na mako guda gaba ɗaya ranar Asabar, ka riƙe shi a hannu, maimakon ka yi ta zarya wurin mai POS kana cire kaɗan-kaɗan, kowace cira da cajinta. Kuɗin data, kuɗin mota, kuɗin buga takardun darasi, kuɗin aski da sabulu, kowanne ya kwana a ɗakinsa. Ɗalibai da yawa da ke kukan kuɗin abinci bai ishe su ba, in ka bi sawu za ka tarar data ce ta ci rabinsa. Ita kuma cacar ƙwallon nan da ta zama ruwan dare a wayoyin samari, ba zan tsaya yi maka dogon bayani ba, ka san hukuncinta tun a Islamiyya. Guminsa babanka ya ba ka, kada ka kai shi can.

Mafi arhar abincin da za ka ci a Samaru shi ne wanda ya biyo ka daga gida. Hatsi da wake da kaka suke sauka, su hau in damina ta yi nisa. Tumatir da tattasai kuma da rani suke araha, lokacin da na Kadawa da Kura ya cika kasuwa, shi ya sa mamarka take yanka su ta shanya ta yi kauɗa. Abin da aka auno a Dawanau da kaka, in ka tashi sayensa gwangwani-gwangwani a shagon bakin hostel a watan Yuli, za ka ji a jikinka. Kada ka ji kunyar ɗaukar buhu a tasha. Shinkafa da wake, garin kwaki, garin ɗanwake, garin kunu, man gyaɗa da manja, ƙuli-ƙuli, kuka da busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, waɗannan ba sa lalacewa da wuri, kuma su ne za su tsaya maka ranar da waya ta ce babu. Waken ka zuba shi a busasshiyar jarka ka cika ta ka rufe gam, ƙwari ba sa rayuwa inda iska ba ta shiga. Garin ɗanwaken kuma ka nisanta shi da damshi.

Kafin ka tafi ka ɗauki gwangwanin madara ka auna gwangwani nawa ne a kwanon shinkafa, sannan ka dafa ka ga nawa ne ke ƙosar da kai. Daga nan za ka san kwano ɗaya kwana nawa zai yi maka, ka kuma san ranar da buhunka zai ƙare tun kafin ka kwance bakinsa. Ka lura a Zariya da tiya da mudu ake awo, kada ka je kasuwar Samaru kana ciniki da lissafin kwanon Kano a kanka.

Na san abin da za ka ce, wai namiji da tukunya. Mai shayin unguwarku namiji ne, mai tsire namiji ne, masu dafa abinci a manyan otal-otal ma yawancinsu maza ne, kuma ba wanda ya cire musu hula. Sauran makonnin da suka rage maka ka shiga kicin wurin mamarka, ko da ƙannenka mata za su yi maka dariya. Ba sai ka iya sinasir ko funkaso ba. In ka iya garau-garau, ɗanwake, dafa-duka, faten wake da dama kunu, ka gama. Ka koyi jiƙa wake tun dare don kada ya cinye maka gas, ka koyi dafa na rana da na dare a wuta ɗaya. Shi ma gas ɗin ko kananzir kuɗin abinci ne, ka sa shi a lissafi, domin shinkafar da ba a dafa ba ba ta maganin yunwa. Ka tambayi dokar hostel game da risho da hita kafin ka kunna, ka bi ta. Gawayi kuwa kada ka taɓa hura shi a rufaffen ɗaki ko da sanyin Zariya ya kai inda ya kai, hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci.

Ban ce kullum sai ka yi girki ba. Akwai ranar da lacca za ta riƙe ka daga takwas na safe har la'asar sakaliya, a irin wannan rana komawa ɗaki hura wuta asarar karatu ce, kuma karatun ka je yi. Ka duba jadawalinka, ka ware ranakun da za ka sayi na rana a waje, ka sa kuɗinsu a lissafi tun farkon mako. In za ka saya, ka dubi ruwan da ake wanke kwanuka da shi kafin ka dubi girman malmala. Arhar da za ta kai ka asibiti da taifot ta fi kowane abinci tsada.

Za ka iya haɗuwa da mai abincin da za ta ce ka biya na wata guda a dunƙule ta yi maka ragi. Wannan tsari ne da jami'o'in Amurka suka daɗe da shi. A yawancinsu ɗalibin shekarar farko da ke kwana a cikin makaranta dole ne ya sayi tsarin abinci tun farkon zango, a ƙayyade masa ci nawa zai yi a mako ko a zangon, ya riƙa goga katinsa a ƙofar ɗakin cin abinci. Inda ake asara shi ne, sau da yawa cin da ba ka yi ba ba ya dawo maka da kuɗi, in mako ko zango ya ƙare ya tafi ke nan. Yaron da ba ya tashi karin kumallo in ya sayi na ci uku a yini, kullum yana biyan kuɗin abincin da bai gani ba. Haka yake a wurin mai abincin Samaru. Kafin ka biya ka yi mako biyu kana lura da kanka, sau nawa kake ci da gaske, kuma a ina yunwa ke samunka. Ka tambaye ta ranar da ba ka zo ba yaya za a yi, Asabar da Lahadi tana fitowa ko ba ta fitowa. Kada kuma ka biya fiye da na wata ɗaya. A 2022 malaman jami'a sun shiga yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Wanda ya biya na zango a gaba, wa zai bi?

Yanzu ga wadda ta fi damuna, maganar mutane. Mun yi maka tarbiyyar da ba ka cin abinci a gaban mutum ba ka ce bismilla ba, kuma ba na so jami'a ta raba ka da ita. Sai dai ɗakin hostel ba zauren gidanku ba ne. Za ka tarar da ɗaki cike, ga masu gado ga 'yan raɓe, kuma akwai waɗanda hancinsu ya san lokacin da tukunya ke sauka. Sabon ɗalibi mai buhu da kunya shi ne abin nemansu. In ka biye wa tsoron kada a ce maka marowaci, buhun da aka auna maka na wata uku zai ƙare a mako biyar, kuma ranar da ya ƙare ba za ka ga ƙeyar ko ɗaya daga cikinsu ba, sun koma ɗakin da ake sauke wata tukunyar.

Maganin wannan shi ne ka sa baƙo a cikin lissafinka tun farko, yadda kowace uwargida take yi. In gwangwani ɗaya da rabi ke ƙosar da kai, ka dafa biyu, rabin nan na wanda Allah ya kawo ne. Wanda ya zo ya samu, bismilla. In ta ƙare ta ƙare, ba a sake ɗora wata don kunya. Mai yin haka zai iya cewa bismilla tun daga makon farko har ranar da za a rufe makaranta, shi kuwa mai facaka a watan farko yakan koma cin garin kwaki a ɓoye da ƙofa a kulle.

Ka kuma buɗe ido ka bambance mutum biyu. Akwai wanda ya mayar da cin na mutane sana'a, wayarsa ta fi taka tsada. Akwai kuma wanda da gaske babu, maraya ne ko ɗan talakan da da ƙyar aka haɗa masa kuɗin rajista, kuma irinsa ba ya zuwa lokacin sauke tukunya, ficewa ma yake yi in ya ga an kusa. Wannan shi za ka nema da kanka, ka ce ya zo ya taya ka ci don ba ka iya ci kai kaɗai, kada ka bari ya ji kamar sadaka ce. Rabin gwangwanin nan shi ya fi cancanta da shi.

In kun yi shawarar girkin haɗaka da abokan ɗaki, abu ne mai kyau, gas ɗaya ya yi wa mutum uku aiki. Amma ku yi magana a fili tun ranar farko: kowa me zai zuba, wa zai dafa yaushe, wa zai wanke tukunya, in baƙon wani ya zo daga rabon wa za a ɗiba. Ku rubuta. Za ka ga kamar rashin yarda ne, alhali abotar ɗalibai da yawa a kan cokalin manja ta mutu, saboda an ji nauyin yin maganar da wuri.

Kada kuma tsimi ya kai ka ga zaluntar cikinka. Za ka ji ɗalibai suna raha da lissafinsu na 0-1-0 ko 0-0-1, wato ci ɗaya a yini, wasu dole ce ta sa su, wasu kuma sun tara kuɗin ne don takalmi ko waya. Kai da aka ba ka na abinci, ka ci. Kan da babu komai a cikin mai shi ba ya riƙe karatu. Taliyar leda da kuke so tana da saurin dahuwa, amma gari ne da mai da gishiri, in ka mayar da ita abincin kullum za ka ƙoshi jikinka yana ramewa. Wake, awara, gyaɗa, ƙwai, zogale da ɗan kifi busasshe su ne ke gina jiki, kuma wake da awara ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba. Koko da ƙosai da safe sun fi lemon kwalba da biskit amfani nesa ba kusa ba.

Abin da na fi gani yana kayar da yara shi ne ƙarshen zango. Jarrabawa tana zuwa daidai lokacin da buhu ya kai gindi, kuɗi ya ƙare, ga shi babu lokacin girki. Lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi bukatar abinci, lokacin ne ake shan gari da ruwa. Tun ranar da ka isa ka ware kason makonnin jarrabawa, kayan abinci da kuɗi, ka ɗaure ka tura ƙasan akwati kamar ba naka ba. In watan azumi ya faɗo a cikin zango, lissafin zai canja, sahur da buɗa-baki ne, kuma kwaɗayin yamma yakan sa a kashe fiye da na sauran watanni. Ka tanadi garin kunu da dabino, kuma in ana buɗa-baki a masallaci ka je, ba abin kunya ba ne, in kana da hali kai ma ka kai naka.

Za ka ji ana maganar NELFUND, asusun ba ɗalibai rance da aka fara a 2024, wanda bayan kuɗin makaranta yake ba da naira 20,000 a wata na ɗawainiya. In ka raba su gida talatin, ba su kai naira 700 a yini ba. Taimako ne, amma ba za a jingina tukunya gaba ɗaya a kansa ba, kuma rance ne, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Kada ka cike takardarsa sai kun zauna da babanka. Bashin mai shago da na mai shayi kuwa, wanda ake rubutawa a littafi, ka guje shi iya ƙarfinka, domin kuɗin wata mai zuwa yake cinyewa tun bai iso ba. Manhajojin ba da bashi na waya sun fi shi sharri, ruwa suke ɗorawa, in ka makara su bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka.

In duk ka yi wannan kuma ka ga ba za ta kai ba, wanda yana iya faruwa don farashi ba ya shawara da kowa, ka kira gida da sauran kwana goma a hannunka, ka karanta wa babanka abin da ka rubuta. Uban da aka nuna wa lissafi ya san abin da zai nema da lokacin da zai nema, wanda aka kira da dare aka ce masa tun jiya ba a ci ba kuwa an ɗaga masa hankali ne kawai, ya tafi cin bashin da bai shirya ba.

Yajinka da daddawarka suna nan na sa an daka, ka biyo ta nan ka karɓa kafin ranar tafiya. Ka zo da littafin da za ka riƙa rubuta lissafin, mu cike shafin farko tare. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya tsare mana kai.